Filin da Teku Ya Taya

Wata mai bandar kifi ta rasa fili a bakin teku, mai ɗaki biyu da bishiyar kwakwa, gadon mijinta. Abin da ta tsira da shi ranta ne da tukwanenta. Tun ba ta gama takaba ba wani mai jiragen kamun kifi ya zo taya filin, yana son wurin jingine jirage. Ya ce zai ba ta gida a tudu, musaya. Ta ce albarka, ai ba da yunwa ta gaji wurin ba. Ya nuna mata ruwan da ke bakin gaɓa, ya ce ta dubi yadda ya yi jawur. Ta ce ita ba ta ciniki da tsoratarwa. Sai wata safiya tana wanke kwando a gaɓa, igiyar ruwa ta zo ta fashe a ƙafafunta, ta ji rairayi yana zamewa ƙarƙashin dugaduganta kamar ana jan tabarma. Ta tsaya ta duba. Kowace igiya in ta daki ƙasa sai ta birkita rairayin, ta tashe shi ya gauraye da ruwa kamar fura, in za ta koma kuma ba ta ajiye shi inda ta ɗauka, sai ta ja shi gefe, can wajen gabas.

Ta sa aka jera duwatsu a gaban gidan. Ashe ƙarin faɗa ta saya. Ruwan ya riƙa dukan dutse yana juyawa a gindinsa yana haƙa, har duwatsun suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Saiwoyin kwakwa suka fito fili tsirara. Mai jirage ya dawo, ya ce maganar gida a tudu kam ta wuce, amma zai ba da awaki biyu. Ta ce ya je ya tayi na uwarsa. Tana faɗa, tana jin ƙugin ruwa a bayan ɗaki. Ran da kwakwar ta kwanta da tsakar rana, bangon ɗaki ya tsage, kumfa ya shigo har murhu, ita da kanta ta aika a kira shi. Ya zo ya tsaya nesa, ya ce, “Gwaggo, fili ai teku ya riga ni saye. Sai dai kwanon rufi da ƙyaure.” Ta ja, ta yi rantsuwa, ta tsine, ruwa na lasar idon sawunta. Daga ƙarshe ta sallama a kan buhun gishiri guda da aron amalanken kwashe kaya. Teku bai taɓa ɗibar abin da ya wuce cikin tafi a zuwa ɗaya ba. Shi ya sa ake cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.