Manomin da Ya Ga Ƙuraje a Saiwar Wake

Ajiye ashanar nan ka zauna, ɗan'uwana. Na ga ka tara karan gonarka kana jiran iska ta lafa ka cinna masa wuta, raina kuwa ya ɓaci, don na san inda hanyar nan take kai mutum. Saurari wani misali.

An yi wani manomi da ya gaji gona mai albarka, ƙasarta baƙa wuluk, in ka damƙa sai ta warwatse a hannu kamar dambu. Mahaifinsa yakan shuka wake a tsakanin gero, ya bar ganye ya ruɓe inda ya faɗi, da rani kuma ya yi ta jidar taki daga juji. Wata damina amai da gudawa suka kama 'yar manomin nan, da ƙyar ta sha. A asibiti aka ce masa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka shiga cikinta ta ruwan sha. Gaskiya aka faɗa masa, amma rabin maganar ya ɗauko ya taho gida. Maimakon ya rufe bakin rijiyarsa ya riƙa tafasa ruwa, sai ya rantse ba zai bar irin halittun nan ko ɗaya a cikin abin da ya mallaka ba, ya huce haushinsa a kan gonar da ba ta yi masa komai ba. Ya tona juji, ya ji ɗumi yana tasowa, ya ga farar funfuna ta lulluɓe kashin awaki, ya ce ga gidan cuta nan, ya banka masa wuta. Da kaka ya tuge tushen wake, ya ga 'yan ƙulle-ƙulle jere a jikin saiwa. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar tsoka. Ya jefar yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Ashe har waken ma ƙuraje gare shi!" Daga ranar ya haramta wa gonarsa wake da gyaɗa. Maƙwabcinsa ya tuna masa cewa mahaifinsa murna yake yi in ya ga saiwa ta yi ƙulle-ƙullen nan da yawa. Manomin ya ce masa ƙazanta ai gado ce a gidanku. Kowace shekara sai ya share gonar tas kamar tsakar gida, ya ƙone kara da ganye, abin da ya rage a jarkar maganin feshi kuma ya tuttular a ƙasa don kada wani abu ya tsira.

Wannan wauta har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa! Ƙulle-ƙullen da ya kira ƙuraje ɗakuna ne na waɗansu ƙananan halittu, su ne ke jawo abincin shuka daga iska su ba wake, abin da ya saura a ƙasa gero ya ci. Ɗumin da ya ji a juji aikinsu ne, suna narka kashi da ganye su mai da su taki. A cikinsu akwai mugaye, ban musa ba, kamar yadda ba a rasa ɓarawo a kasuwa. Amma wa ya taɓa ƙone kasuwa don ɓarawo? Ma'aikata ne da ba sa neman lada, abincinsu kawai tarkacen da ya faɗi ƙasa, shi kuwa ya ƙone musu abincin, ya rushe musu ɗakuna, ya bi sauran da guba. Da farko gonar ta rufa masa asiri da ƙarfin da mahaifinsa ya tara mata, shi kuma yana ta yi wa mutane fankama da tsafta. Sannu a hankali ƙasar ta koɗe, ta yi fari, ta ƙeƙashe. In aka yi ruwa ba ya shiga, sai ya bi ta kai ya wuce da 'yar ƙasar da ta rage. Ya zuba takin zamani, shuka ta yi kore na ɗan lokaci ta koma rawaya. Ƙuduji, ciyawar nan mai shanye gero, ya samu gida ya baje jajayen furanninsa. Fartanya ta koma ƙara a ƙasa kamar an sari dutse, gonar da ake kwatance da ita ta zama fako.

A kakar ƙarshe, lokacin da maƙwabta ke hayar amalanke suna kai dammuna rumbu, shi ya yanke geronsa kaf, ya ɗaure. Gonar da dā take ciyar da gida har wata damina, duk amfaninta a ka ya ɗauko shi, sahu ɗaya, ya ratsa tsakiyar gari kansa a sunkuye, iyalinsa na ƙofar gida suna leƙen bayansa ko akwai saura. Babu saura. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.