Tsofaffin Memorin Alhaji Kallamu

Kasuwa uku a jere Mati yana ganin Alhaji Kallamu, babban dillalin hatsin Ɗambatta, zaune a rumfar masu gyaran waya yana sayen tsofaffin memori. Ba ya ciniki. Kowacce sai ya saka ta a wayarsa, ya kara a kunne ɗan lokaci, sannan ya jefa ta a jaka. Sabuwa kuwa ko kallonta ba ya yi.

Mati manomi ne a wani ƙauye gefen Kunci, kuma a ganinsa Allah ya ba shi hancin kasuwa. Ya san Alhaji ba ya zuba jari a banza. Shekarar da ya tara waken suya kowa ya yi masa dariya, daga baya aka dawo ana roƙonsa. Ko rasuwar matar Alhaji bara, da ta sa ya rame haka, ba ta taɓa kaifin kansa ba.

Mati ya tuntuɓi Muhammadu Sani mai gyaran waya.

"Malam Mati, rabu da su. Yanzu kowa a intanet yake ajiya, manyan masu kuɗi ma can suke kai jarinsu. Memori ta kusa bin kaset."

Mati ya yi murmushi kawai. Ai ya ji ana cewa kayan ajiyar bayanai za su yi tsada, kuma ga Alhaji yana kwasa a ɓoye. Me yaron kanti zai gaya masa?

Saura wata biyu damina ya sayar da shanun huɗarsa. Matarsa Tahira ta yi magana har ta gaji, ta koma kuka. Shi kuwa ya bi Bagwai da Kunci rumfa rumfa yana sayen tsofaffin memori, har ya cika gwangwanin madara uku.

Sai ruwa ya sauka. Maƙwabta suka fita da garma, gonar Mati tana nan ciyawa na cin ta. Kasuwa biyu Alhaji bai leƙa rumfar ba. Tsoro ya kama Mati sosai, abinci ma ya daina shiga.

Ya ɗauki gwangwanayen ya nufi gidan Alhaji. Ya tarar da Alhaji a zaure shi kaɗai, waya a kunne, idanunsa jajur.

"Alhaji, kaya na kawo. Ko yadda na saya ne, a taimaka a karɓa. Shanuna ne a ciki."

Alhaji ya daɗe yana kallon gwangwanayen. Sannan ya sauke wayar daga kunnensa, sai ga muryar wata mace tana dariya, tana cewa kada ya manta da maganinsa.

"Na daina saye, Malam Mati, na samu tawa. Wayar matata Falta aka sace mini a kasuwa bayan ta rasu, muryarta nake nema."