Ɗigo a Kan Linjila

"Ramatou, zo ki ga abin da zai fid da mu daga yunwar nan," in ji Malam Harouna, muryarsa a gajiye.

Tun da gwamnatin soja ta sallame shi daga koyarwa, ga kuma fari a ƙasa, wata bakwai ke nan yana duƙe kan foton wata tsohuwar Linjila da aka rubuta da hannu cikin Girkanci. Ya gano wani ɗigo da ya sauya ma'anar aya guda, babu shi a sauran kwafin. Shafi ɗari ya rubuta a kan ɗigon, yana fatan aiki a Faransa.

Matar tasa ta sunkuya, ta lashi yatsa, ta goga. Ɗigon ya fita.

"Malam, ai kashin ƙuda ne."