Fitilar Hagu ta Fijon Alhaji

Fitilar hagu kaɗai ta rage Sunusi ya ɗaura, tsohuwar Fijon ta hau titi. Shekara talatin tana kwance a garejin gidansu na Badariya, tun ranar da Alhaji Dankure ya ce ya kaɗe jaki a hanyar Gulma.

Ya zura hannu ramin fitilar, ya zaro ɗan kunnen azurfa. Ɗayan yana cikin akwatinsa. Shi ne kaɗai abin da ya gada daga mahaifiyarsa, wadda wata mota ta kashe ta gudu, kafin Alhaji ya ɗauke shi riƙo.

Alhaji na zaune bakin ƙofa.

"Baba, jaki ka ce."

Bai ɗago ba. "Bakina ya kasa faɗi, Sunusi. Shi ya sa na ba ka motar."