Dutsen Da Ya Ƙi Zama

Kwana uku ta yi tana goge koren dutse mai kusurwa shida, amma da ta ɗora shi a gurbinsa na azurfa a jikin abin wuya sai ya kama girgiɗi. Ta harari maƙerin shagon babanta. Shekara huɗu suna aiki a teburi ɗaya, bai taɓa kuskuren awo ba.

"Malam, ina hankalinka ya tafi? Gurbin ya yi faɗi. Wace mace ce za ta rataya wannan?"

"Duba bayansa," ya ce, idonsa na kan guduma.

Ita ba ruwanta da bayan abin wuya, zanen can aikinsa ne. Ta juya shi. Sunanta ne da siririn zaren zinariya, harafin ƙarshe ya ɗan karkace.

"Da gangan ka ɓata awon ke nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba ya sani?"

"Shi ya auna mini zinariyar."

Ta rufe fuska da mayafi, dariya na neman ƙwace mata. Can ta tura masa abin wuyan.

"To matse gurbin. Ba zan shiga gidanka dutse na girgiɗi a wuyana ba."