Jan Murfi

Tun ranar da Darakta ya sa hannu a yarjejeniya da jami'a, Baba Makulli bai sake cin abinci da daɗi ba. Shekara ashirin da shida yana kula da siton gidan adana kayan kimiyyar nan, kuma duk abin da ke ciki babu wanda ya kai masa haƙorin nan, haƙorin wani ƙaton kada da ya mutu tun duniya ba ta san mutum ba. Shi ya haƙo shi da hannunsa yana saurayi.

Yanzu wai wata Dakta za ta tafi da shi, ta yanka shi sala-sala da inji, ta leƙa cikinsa. Wai ilimi! Baba ya san halin 'yan jami'a sarai. Sun taɓa aron ƙwaryar kan biri, yau shekara tara, ko sallama.

Akwati biyu ne a siton, iri ɗaya sak. Mai jan murfi shi ke ɗauke da na gaske, mai baƙin murfi kuma kwafi ne na roba da ake ba 'yan makaranta su taɓa. Kowanne a naɗe yake cikin auduga, kuma doka ta hana a kwance na gasken sai da safar hannu da shaida.

Sau uku Dakta tana zuwa, kullum da murmushin da Baba bai yarda da shi ba. Ta tambayi nauyin haƙorin. Ta tambayi wa ke riƙe makulli. Ranar Laraba ya tarar akwatunan sun ɗan gusa daga shatinsu, ya ce a ransa, lalle matar nan ta fara leƙe-leƙe.

Ya kai kukansa wurin Uwar Sito, abokiyar aikinsa mai riƙe ɗaya makullin. Ita da ta fi kowa kumfar baki a kan yarjejeniyar, sai ga ta tana kaɗa shayinta hankali kwance.

"Ki ce ke ma sun saye ki," in ji Baba.

"Kai dai Baba, ka bar wa Allah."

Ya bar wa Allah, amma ya ɗan taimaka. Ranar Alhamis ya riga kowa isowa, ya kulle kansa a sito, ya cire jan murfi ya ɗora a ɗayan akwatin, ya mayar da baƙin a nan. Ko audugar bai tsaya taɓawa ba. Su je su yanki roba!

Ƙarfe goma Dakta ta karɓi mai jan murfi, ta yi godiya har da rusunawa. Ta ce injin a kunne yake, kafin azahar an gama yanka. Baba ya raka ta har mota, ya ma buɗe mata ƙofa.

Bayan la'asar yana zaune yana shafa baƙin murfin, daɗi fal ransa, Uwar Sito ta turo ƙofa ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, na kasa riƙewa, tausayinka nake ji. Kwantar da hankalinka, roba ta yanka. Tun ranar Laraba na musanya murafan."