Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Shi tela ne, matarsa ma'aikaciyar jinya. Abin da suka rasa shi ne mai riƙe musu 'yarsu har yamma. Ajin reno da rana tsaka yake tashi, babban aji ne ke kaiwa la'asar. Shi ya sa ya kai ta makaranta don a sa ta a babban ajin.

"Sai dai ajin reno," in ji shugabar makarantar. "Saura 'yan kwanaki ta cika biyar. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar me?" Tela ya buga tebur. "Yarinyar da ke zura mini zare a allura? Uwarta ta ajiye aiki ke nan? A zamaninmu hannu ake ɗorawa a ka, in ya taɓo kunne an isa karatu. Ke, nuna mata!"

Yarinyar ta ɗora hannu a ka, ta miƙe yatsu, har da ɗage. Saura ƙiris. Ya kama gwiwar hannun ya ja, ta ciji leɓe. Bai kai ba.

Ya fizge ta suka fita. Har gida yana zazzaga masifa, bai bar shugabar ba, bai bar wanda ya ƙirƙiro kalanda ba.

Can ya ɗago daga keken ɗinki, sai ya gan ta tana reto a mariƙin ƙofa da hannu ɗaya, ta naɗe ƙafafu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Uwata, me kike yi?"

"Ja nake ya ƙara tsawo, Baba. Gobe zai kai."

Duk faɗan nan, abin da ta fahimta shi ne hannunta ya yi gajarta, shi ya sa Baba ke fushi.